Tsakanin Aikin Gayya da Haƙƙin Hukuma a Unguwannin Kano

Duk wanda ya zauna a cikin birnin Kano ko kewayensa ya san cewa yawancin abubuwan da ke sa unguwa ta zaunu ba hukuma ce ke fara su ba. Mutanen layi ne ke yin karo-karo idan taransifoma ta ƙone, su ne ke biyan 'yan sintiri a ƙarshen wata, kuma matasansu ne ke fitowa da shebur da baro su yashe kwata kafin damina ta kankama. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai sun daɗe a garin nan, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta da wata kwalbati ko wata makabarta da aka gyara da guminsu. Ba kushe wannan ɗabi'a zan yi ba. Abin da ya dame ni shi ne wurin da ƙoƙarin mutanen unguwa yake ƙarewa, inda ya kamata na ƙaramar hukuma ya ɗauka, domin a wannan mahaɗar ce ayyukanmu suka fi lalacewa.

A ɗauki misalin yasar kwata a ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe don tsaftar muhalli. Samari za su naɗe wando, wasu ko takalmin roba babu, su shiga cikin baƙin dagwalo har gwiwa, su riƙa fito da yashi da ledojin fiya wata da robobin lemo da tsummokara, suna jibgewa a bakin titi. Kafin rana ta take, ruwan da ya yi makonni a kwance ya fara gudu, dattawa na sa albarka, wani mai shago ya kawo ƙunshin ruwa sadaka. To amma tulin dagwalon nan sai tifa ce za ta iya kwashe shi, kuma unguwa ba ta da tifa. Idan mota ba ta zo ba, awaki za su tone shi, masu babur su bi ta kai, sannan ruwan sama na farko ya mayar da shi cikin kwatar da aka fito da shi. Wata mai zuwa idan aka yi shelar aikin gayya, rabin samarin ba za su fito ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Rabin aikin na jama'a ne, sun yi. Ɗaya rabin na hukuma ne, kuma sau da yawa ba ƙi ta yi ba, a'a, babu wanda ya sanar da ita rana da wuri a kan kari.

Mutane da yawa ba su san cewa waɗannan ayyuka a rubuce suke a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa abubuwan da ke wuyan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyin cikin gari da fitilun titi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da bandakunan jama'a, da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da makabartu, da sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Ke nan mai neman a gyara masa lambatu ba alfarma yake roƙo ba. Sai dai a cikin birnin Kano lamarin ya ɗan cakuɗe, saboda gari ɗaya ne amma ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A kan haka kuma ga hukumomin jiha, REMASAB mai kula da shara, KNUPDA mai kula da tsara birane da izinin gini, KAROTA a kan tituna, ga hukumar ruwa, ga kamfanin KEDCO da wutar lantarki ke hannunsa. Magudana ɗaya tana iya tasowa daga wata ƙaramar hukuma ta toshe a wata, kuma wanda ya yi gini a kanta ba kansila ne zai rushe masa ba. Saboda haka aikin farko na kowane kwamitin unguwa shi ne sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma a nan ne kansila yake da amfani ƙwarai, ko da babu ko sisi a hannunsa, domin shi ne aka zaɓa don ya san waɗannan ƙofofi. Jihar Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kowace da kansilanta, amma a tambayi mutum goma a layi sunan nasu a ga nawa za su iya faɗa.

Akwai kuma mai unguwa, wanda a ganina ba a cin moriyarsa yadda ya kamata. Tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 aka janye yawancin ikon gudanarwa daga hannun masu sarauta, amma har gobe shi ne ya san gidan da ya yi baƙo, da kangon da mai shi ya yi shekaru bai leƙo ba, kuma maganarsa tana da hanyar da za ta bi ta dagaci zuwa hakimi. Kwamitin da ya haɗa mai unguwa da limami da kansila da shugabannin matasa ya fi wanda attajirai uku suka kafa a falo ƙarko. Wata giɓi da nake gani kusan ko'ina ita ce rashin mata a irin wannan zama, alhali uwa ce ke fara lura da yaron da ya shigo gida da wayar da ba tasa ba, kuma mata ne suka fi sanin lungun da 'yan mata ke tsoron bi idan an taso daga Islamiyyar dare. Ba dole ba ne su zauna a dandali ɗaya da maza. Ana iya ware musu nasu zaman, a kawo abin da suka faɗa a rubuce.

Batun tsaro ya fi na shara sarƙaƙiya, domin a tsarin mulkinmu rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, kuma shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ba baturen 'yan sanda umarni. Abin da yake da shi shi ne ikon tara mutane a teburi ɗaya da kuma ɗan tallafi na mota ko mai ko alawus. Kafofin haɗuwa kuwa akwai su: kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, yana nan tun 1984, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma har zuwa matakin caji ofis. Inda ƙwacen waya da faɗan daba suka addabi mutane, abin da aka fi gudu gare shi shi ne 'yan sintiri, mutanen da ke kwana a waje da tocila da gora da usur a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sun cancanci yabo, kuma sun cancanci a yi musu rajista, a san sunan kowa da wanda ya tsaya masa, a ba su katin shaida da lambar wayar jami'in da za su kira da tsakar dare.

Amma dole ne a ja musu layi tun ranar farko: su kama, su miƙa, ba su yanke hukunci ba. Mun ga abin da ya faru a Zamfara, inda ɗaukar doka a hannu da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ya ƙara rura wutar ramuwar gayya tsakanin al'ummomi. Kuma mutanen Kano ba za su manta da Uromi ta Jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta masu komawa gida Kano, bayan 'yan sintirin garin sun tare motarsu. Wannan ba laifin da ya keɓanta da wata ƙabila ba ne. Duk inda aka bar taron jama'a ya zama alƙali, haka za ta iya faruwa, kuma kowa ya san yadda ihun "ɓarawo" yake ƙarewa a kasuwanninmu. Jihohi sun fara shigar da irin waɗannan ƙungiyoyi ƙarƙashin doka, kamar yadda Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'ummarta a watan Oktoba na 2023, Zamfara kuma ta biyo baya da askarawanta a farkon 2024. Ko da rundunar jiha ko babu, ɗan sintirin layi yana buƙatar wanda zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri, kuma kwamitin unguwa ne ya fi kusa da shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa babban kaso na tsaron unguwa ba ya buƙatar bindiga. Mai ƙwacen waya duhu yake nema, mai sayar da ƙwaya kango yake nema, kuma bolar da ta cinye rabin hanya ita ce ke tilasta wa mutane bi ta lungun da ake tare su. Fitila ɗaya mai amfani da hasken rana a bakin lungu, da wasiƙa zuwa ga mai kango cewa ya katange ko ya gina, da lambar gida da za ta sa motar sintiri ko ta kashe gobara ta gane inda ake kiranta, duk waɗannan suna cikin hurumin ƙaramar hukuma. Idan kwamiti ya je sakatariya ya ce a magance matsalar tsaro, za a ce masa wannan aikin 'yan sanda ne. Idan kuwa ya ce ga lungu kaza yana buƙatar fitila huɗu, ga hotonsa, mu za mu ɗauki nauyin gadinsu kada a sace batir, to ya kawo maganar da ke da amsa.

Shi ya sa nake ganin sakataren kwamiti ya fi shugabansa muhimmanci. Mun saba da zuwa gidan shugaba da daddare a gaisa, a yi ƙorafi da baki, ya ce in Allah ya yarda za a duba, kowa ya tashi da farin ciki. Bayan wata uku babu shaidar an taɓa yin maganar. Takarda mai kwanan wata da sa hannun mai unguwa, wadda aka kai ofis aka buga wa kwafinta hatimin karɓa, ita ce ke ba mutum bakin komawa, kuma ita ce abin da za a riƙe idan ta kai ga zuwa gidan rediyo, wanda a Kano yakan motsa jami'ai fiye da komai. Haka ma kuɗin karo-karo: a manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci ko a tura shi zauren WhatsApp na unguwa. Kwamitoci da yawa ba hukuma ce ta kashe su ba, zargin cin kuɗin sintiri ne, sai kuma siyasa, lokacin da shugaba ya mayar da taron unguwa dandalin neman takara, 'yan ɗaya jam'iyyar suka daina zuwa.

Amsar da aka saba ji a sakatariya ita ce babu kuɗi, kuma shekaru da yawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai ke da haƙƙin riƙe su, ba kantomomin riƙo ba. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ya ba mutanen unguwa hujjar yin tambayar da a da ake jin nauyin yin ta: nawa ya shigo a watan nan, kuma me aka ware wa mazaɓarmu? Lokacin da ya dace a yi wannan tambaya shi ne ƙarshen shekara, sa'ad da ake tsara kasafin kuɗin baɗi, ba watan Agusta ba da ruwa ya riga ya shiga ɗakuna. Kwamitin da ke son kwalbatinsa ta shiga kasafi sai ya zauna tun watan Satumba ko Oktoba, ya zaɓi buƙatu biyu ko uku da aka amince a kansu, ya samo ƙiyasin kuɗinsu daga wani injiniya ko magini ɗan unguwa, ya fayyace abin da jama'a za su ɗauka na leburanci da gadi, sannan ya miƙa wa kansila kwafi ɗaya, ya kai ɗaya sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ya ajiye na uku a wurin mai unguwa.