Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Suzuka Ta Shigo Ɗakina

Assalamu alaikum, masu karatu. A makon jiya mun tsaya inda na gaji da hanyar roba ta Scalextric (ta tseren ƙananan motocin wasa masu lantarki, kowace na bin tsagarta a kan hanya) da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa, na ƙudurta sai na fafe tawa a katako. Saura zaɓen filin tseren da zan kwaikwaya.

Da farko raina ya so Spa ta Beljiyam saboda hawan kwanarta mai suna Eau Rouge. Ɗana ne ya sauya mini ra'ayi. Duk ranar da na cinye shi sai ya ɓata rai ya ce, "Baba, ai kai ne a layin ciki." Gaskiya ya faɗa. A hanyar da ke zagayawa gefe guda, motar layin waje tafiyarta ta fi tsawo. In tazarar tsaga biyu santimita 10 ce, ta waje na ƙara kusan santimita 63 a kowane zagaye, komai fasalin kwanonin. Maganin abin shi ne hanya mai siffar lamba 8, wadda ke haye kanta ta kan gada: wanda ke ciki a rabin farko shi ne a waje a rabi na biyu, tsawon ya zo daidai. Suzuka ta ƙasar Japan haka take. John Hugenholtz, mutumin Holan, shi ya zana wa kamfanin Honda ita, aka buɗe ta a 1962 don gwajin ababen hawa, ta fara karɓar gasar Fomula Wan a 1987. Ban ƙara duba wata ba.

Da zanen na je wurin yayana, wanda kafinta ne. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "To Malam, tsawonta nawa?" Na ce, "Yaya, kilomita 5.8 ce." Muka raba gida 32, tunda motocinmu ma'aunin 1:32 ne, lissafi ya ba mu mita 181 da 'yan kai. Kwanar 130R, wadda aka raɗa wa suna da faɗin lanƙwasarta na asali na mita 130, ita kaɗai sai ta ci fiye da mita 4 daga tsakiyar da'irar zuwa baki. Ya ajiye fensir ya ce, "Wannan sai dai ka sayi sito."

A nan aikin gaske yake, kuma shi ne abin da nake so mai sha'awar wannan harka ya riƙe. Ba ƙanƙanta filin ake yi ba, tsamo halinsa ake yi. Miƙaƙƙun wurare na datse su ba tausayi, don motar tsaga cikin ƙiftawar ido take cinye su. Kwanonin kuwa ban taɓa jerinsu ba. Bayan kwanar farko dole lanƙwasoshin nan masu siffar S su biyo, hagu, dama, hagu, dama, suna hawa a hankali. Sai kwanonin Degner, a kutsa ƙarƙashin gada, a faɗa matsattsiyar kwana, a zagayo kwanar Spoon, a bi ta saman gada zuwa 130R. Ƙaramar karkatar ƙarshe ma ban cire ta ba, wurin da direbobin Fomula Wan Senna da Prost suka yi karo a 1989. Wanda ya san Suzuka, yatsansa zai gane ta kafin idonsa.

Na ce yatsa ne domin a wannan wasa babu sitiyari. Wani ɗan harshe a ƙarƙashin hancin motar ne ke bin tsaga, lantarki mai ƙarfin bolt 12 na shiga ta tef ɗin tagulla da aka manna gefe da gefe. Abin da ke hannunka kunama ce kawai irin ta bindiga: ka matsa, totur, ka saki, birki. Sa'annan tagulla ba ta jan maganaɗisun da ke cikin motocin kanti, saboda haka a kan katako bayan mota zamewa yake yi. A lanƙwasoshin S, in ka shiga ta farko da zafi, ta uku ce za ta jefar da kai. Direbobin gaske ma abin da suke fama da shi ke nan a wurin, shi ya sa nake ganin kwaikwayon ya fi ƙarfin ado.

Fafewar Yaya ne ya yi ta da rauta, wato injin fafe katako, a kan katakon MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako), tsaga mai faɗin milimita 3 da ɗoriya. Don kwanoni su fito sumul ya ɗaure injin a sanda mai juyawa kan ƙusa. Gadar ce ta ba mu wahala: in hawan ya yi tsini, cikin mota ya goga ko harshen ya fice, sai da ya tsattsaga bayan katakon ya lanƙwasu a hankali. Na kuma roƙe shi ya ɗaga ta yadda hannu zai shiga, don mota ba ta zaɓen inda za ta kife.

Ranar da muka jona wuta, ɗana ya zaɓi layinsa da kansa, ya cinye ni, ya kuma ce mu yi musaya ya sake gwadawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku labarin fenti da na'urar ƙirga zagaye, da yadda maƙwabta suka fara sallama.