An ɗaura sabon kati amma gem sai ƙara in'ina yake

Duk wanda ya taɓa tara kuɗi wata da watanni don ya sayi katin girafik, wato abin da ke zana hoton gem a kwamfuta, ya san irin zumuɗin da ake yi ranar da kaya suka iso tasha, ana ta cewa yau dai za a ga gudu, to amma sau da yawa ba haka abin yake zuwa ba, a ɗaura kati a kunna gem sai ka ga babu wani bambanci, wani lokacin ma ya fi da lalacewa. Kuma abin da kowa ke fara faɗa shi ne an cuce ni an sayar min da jabu. Ana cutar mutane kam, zan zo kan wannan, amma a cikin kwamfutocin da suke zuwa hannuna nan Gombe yawancinsu katin lafiyarsa ƙalau, sauran kayan da ke kewaye da shi ne ba su iya ɗaukarsa ba.

Na baya-bayan nan ɗan baffana ne da suke Tudun Wada. Kwamfutarsa tokumbo ce irin ta ofis da aka canza wa akwati, furosesa (mai yin lissafin kwamfuta) i5-4570, RAM (ma'ajiyar aikin da ake kai a lokacin) ƙwaya ɗaya mai 8GB, katin da ke ciki kuma GTX 1050 Ti. Ya samu RX 580 mai 8GB na hannu aka saka masa a mota daga Legas ya ɗaura da kansa. Sai ga saƙon murya cikin dare wai Hamma katin nan fa matacce ne, gem ɗin ƙwallo FC 24 da an tashi bugun kwana sai hoto ya tsaya ya dawo, GTA V kuma da ya shiga tsakiyar gari da mota sai ya dinga kakkatsewa, wai gara ma tsohon katin. Na ce masa kai dai kar ka kira mai kayan tukuna, ɗauko ta ka kawo.

Kafin komai sai da na leƙa bayan akwatin na ga inda wayar HDMI take, don wallahi mutane da yawa a nan suke faɗawa, akwai ramin HDMI na madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, a sama akwai na kati a ƙasa, in ka soka a na sama to ɗan ƙaramin girafik ɗin da ke cikin furosesa ne zai iya ɗaukar aikin katinka mai tsada yana zaune yana shan iska. Nasa daidai yake. Kuma a ramin PCIe na sama, wato dogon ramin da ake soka kati a madabod, ya sa katin, wanda ya fi kusa da furosesa, shi ne mai cikakken x16, wato hanyoyi 16 na wucewar bayanai, na ƙasa a madabod da yawa tsawon ne kawai iri ɗaya amma x4 ne a ciki.

Sai direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da kati. Ya cire katin Nvidia ya sa na AMD amma tsohuwar direba tana nan daram, ya ɗora sabuwa a kai. Akwai wata manhaja kyauta sunanta DDU, aikinta kenan ta share direbar girafik tas har da ɓurɓushinta, a Safe Mode ake gudanar da ita, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, kuma ka sauke sabuwar direbar ka ajiye tukun sannan ka kashe intanet don kar Windows ta riga ka sa tata. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne bayan sabuwar direba gem da yawa sai sun sake haɗa abin da ake kira sheda, wato ƙananan umarnin da kati ke bi wajen zana haske da inuwa da ciyawa, to wasan farko da na biyu za su iya tsaitsayawa ko da komai lafiya ne, kar ka yanke hukunci a minti biyar na farko.

Wannan ya rage abin amma bai kashe shi ba, sai muka koma kan lambobi, kuma nan ne nake so mutane su fi maida hankali don in ba ka ga lambobi ba to canki-canka kawai kake yi da kuɗinka. Ka sa MSI Afterburner tare da RivaTuner da ke zuwa da ita, kyauta ce kuma ba sai katinka na MSI ne ba, ka saita ta nuna maka a gefen allo FPS, da kashi nawa kati ke aiki, da kowace ƙwaƙwalwar furosesa, wato sassanta da ke raba aiki a tsakaninsu, ɗaya bayan ɗaya, da zafi, da RAM. FPS dai adadin hotunan da ake zanawa ne a daƙiƙa ɗaya. In kana kan 60 to kowane hoto yana da kamar milisakan 16.7, in 30 ne 33.3, matsalar ita ce za ka iya ganin 70 a rubuce amma jefi-jefi hoto ɗaya ya ɗauki milisakan 80 ko 100 kafin ya fito, wannan ne idonka ke gani a matsayin in'ina, shi ya sa na fi kallon layin lokacin hoto fiye da babbar lambar da yara ke ɗauka suna sa wa a sitatus. Layin in ya miƙe sumul lafiya, in yana ta tsalle akwai magana.

Da muka shiga GTA V katin yana yawo a wajen rabin ƙarfinsa, wani lokaci ya ɗan haura, furosesa kuwa duka ƙwaƙwalenta huɗu sun manne a sama ba sa sauka. To ai magana ta ƙare. A gem mai nauyi kati ne ya kamata ya kasance a kashi 95 zuwa 99, shi ne alamar ana cin moriyarsa, in ka ga yana ƙasa alhali ba ka ƙayyade FPS ba to jira yake a ba shi aiki. Furosesa ce ke lissafa inda motoci suke da abin da 'yan wasa 22 za su yi da inda ƙwallo za ta faɗa, sai ta gama ta miƙa wa kati ya zana. Kamar a Tudun Hatsi ne ka kori ƙaramar mota ka kawo tirela amma 'yan dakon nan huɗu dai su ne, lodi ba zai ƙara sauri ba sai dai tirela ta yi ta jira. I5-4570 ta 2013 ce, ƙwaƙwalwa 4 zare 4, wato layin aiki 4 take ɗauka lokaci ɗaya, kuma in ka duba mafi ƙarancin abin da FC 24 ke nema i5-6600K aka rubuta ko Ryzen 5 1600, kenan tun asali furosesar ce a ƙasa da layi, tsohon katin nasa kuwa 1050 Ti shi ne daidai abin da suka nema.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar komai, ka sauke girman hoto daga 1080p zuwa 720p, ɗigon da kati zai zana ya ragu daga sama da miliyan 2 zuwa ƙasa da miliyan 1, in FPS ya yi tsalle to kati ne ke riƙe ka, in bai motsa ba ko ya ɗan motsa kaɗan to furosesa ce ko RAM. Nasa ko gezau. Kuma a lura, masu furosesa mai kwakwalwa da yawa Task Manager zai iya nuna maka kashi 40 ko 50 ka ce ai da sauran wuri alhali ɗaya daga ciki ta cika maƙil kuma ita gem ɗin ya dogara a kai.

To me ya sa ya fi da muni? Na tambaye shi ya taɓa saiti, ya yi dariya ya ce Hamma ai kati mai 8GB ne na kai komai ƙarshe. Shi kenan. A GTA V akwai saitin da kati ke ɗauka kamar MSAA mai gyara gefen zane da kyan ciyawa, akwai kuma wanda furosesa ke ɗauka kamar yawan mutane da motoci a titi da nisan abin da ake zanawa, musamman Extended Distance Scaling ɗin nan da ke cikin Advanced Graphics. Da yana kan tsohon kati duk a ƙasa suke furosesa tana numfashi, da ya samu sabo ya ɗaga duka har da nata kason. Muka mayar da na furosesa ƙasa muka bar kyan zane a sama tunda katin yana da wurin ajiye shi.

RAM ma ta taka rawa sosai, ƙwaya ɗaya na nufin hanya ɗaya, irin tasa DDR3-1600 a hanya ɗaya 12.8GB take wucewa da shi a daƙiƙa, in ƙwaya biyu ne a ramukan da suka dace ya ninka zuwa 25.6. Kuma 8GB ta yi kaɗan yanzu, FC 24 kansa 12GB suka ba da shawara, ga Chrome a buɗe a baya da shafuka rututu, da RAM ta cika sai Windows ta koma ajiya a kan faifai, shi kuma tsohon HDD ne mai juyawa, nan ne za ka ga hoto ya daskare na rabin daƙiƙa. Muka samo wata 8GB mai gudu iri ɗaya, manhajar CPU-Z ta nuna Dual, wato hanya biyu, wannan kaɗai ya gyara layin lokacin hoto fiye da yadda shi ya zata. Masu DDR4 kuma ku shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ku duba XMP mai sa RAM ta yi cikakken gudunta, a wasu madabod na Asus DOCP ake ce masa, don RAM da aka rubuta 3200 a jikinta in ba a kunna ba sau da yawa a 2133 ko 2400 take tafiya, ka biya kuɗin gudu kana tafiyar ƙasa. In ka haɗa ƙwaya biyu masu gudu daban kuma duka za su bi ta ƙasan.

Sai zafi, wanda mu a nan ba wasa ba ne. Bidiyon da kuke kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi ake gwada kayan, mu kuwa Maris da Afrilu ana taɓa digiri 40, ɗaki rufin kwano fanka tana hura wuta, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe komai tun Disamba. RX 580 wat 185 yake ci, 1050 Ti wat 75, wannan ƙarin duk zafi ne da ke zama cikin akwatin da fanka ɗaya ce a bayansa. Furosesa in ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, alamarsa gem ya fara lafiya bayan kamar kwata na awa ya fara ja da baya. Da muka ɗaga fankar furosesarsa man da ake shafawa a tsakani ya bushe ya zama gari, muka goge muka sa sabo ɗan ɗigo, muka bi ko'ina da bulowa, in za ka hura ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa fiye da ƙima.

Fawa saflai kuwa, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. In ya gaza yawanci kwamfuta mutuwa take ko ta sake tashi ko allo ya yi baƙi a tsakiyar wasa, ba kasafai yake zuwa a matsayin ƙarancin FPS ba. Amma don Allah a daina amfani da 'yar wayar nan mai juya SATA zuwa fil 8, SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka, fil 8 kuma har 150 kati zai iya ja ta nan, narkewa take. Ɗan baffan nawa ya riga ya sa fawa saflai mai wat 500 wanda shi ne aka ba da shawara ga katin, sai na bar wannan.

Maganar jabu da na ce zan dawo kanta. Manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ce ke tona asiri. Cikakken RX 580 sheda 2304 gare shi, a nan ƙananan injinan lissafin da ke cikin kati ake nufi, akwai wani da ake kira RX 580 2048SP da aka fitar don kasuwar Chaina, shi 2048 ne kamar RX 570, ya cika kasuwa kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa maka ba. Sannan tun da kuɗin intanet na Ethereum ya bar haƙa da katin girafik a Satumbar 2022 katunan da suka sha aiki dare da rana suka watsu ko'ina, wasu an canza musu BIOS an rage gudun ƙwaƙwalwar katin, in ka ga 580 yana tsayawa can ƙasa da 1340MHz a cikin gem alhali ba zafi to ka yi zargi, wasu katunan suna da ɗan makunni a gefe na BIOS na biyu. Akwai ma tsofaffin katunan Nvidia da ake yi wa rubutun ƙarya su nuna 1050 Ti, GPU-Z tana sa musu tambarin FAKE a gaban suna. Na ƙanina 2304 ya nuna, gudunsa daidai, saura kaɗan a zagi bawan Allah a banza.

In kuma a wasan intanet ne kawai abin ke faruwa, kai da kwamfuta lafiya lau, to duba fing ɗinka, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo ta intanet, wannan matsalar netwok ce ko katin miliyan ka sa ba zai gyara ta ba.

Yanzu dai mun ƙayyade masa FPS a 60 ta RivaTuner tunda monitarsa ma 60Hz ce, GTA V ya miƙe, FC 24 har yanzu yana ɗan tuntuɓe in an nuno 'yan kallo amma ana buga shi. Shi so yake ya nemo i7-4790 tunda rami ɗaya suke, LGA1150, zare 8 ne zai taimaka ba shakka. Ni kuma na ce in ba a araha ya same ta ba ya haƙura, don Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel ta fara karɓa, Windows 10 kuma Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, gara ya ci gaba da tari ya sayi Ryzen 5 5600 da madabod B450 da DDR4 lokaci ɗaya ya tafi da katinsa can. Ya ce Hamma kai kullum sai ka kawo lissafin da ya fi aljihun mutum, har yanzu dai ba mu daidaita ba.