An cire mini ƙari a ma'ajiyar ƙwai ba tare da an auna ƙwan da nake da shi ba

Aikin kansa ya tafi lafiya lau. Ta 'yan ƙananan huji aka shiga da kyamara aka cire ƙarin daga ma'ajiyar ƙwai ta hagu, kuma ciwon marar da ke kwantar da ni duk wata ya yi sauƙi sosai, alhamdulillahi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne gwajin jini guda ɗaya da ba a yi mini ba kafin a shiga da ni.

Nawa ƙarin ba irin na ruwa ba ne, wanda ke fitowa lokacin da ƙwai ke shirin fita, ya baje da kansa cikin wata 2 ko 3. Irin wanda endometiriyosis ke haifarwa ne, wato cutar da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kuma cike yake da tsohon jini. Shi bangonsa manne yake da naman ma'ajiyar, don haka duk ƙwarewar likita, in ya ɓare shi yakan tafi da ɗan lafiyayyen nama tare da ƙwan da ke ciki. Ƙona wurin da ake yi don tsayar da jini ma yana ƙara ɓarna. Ita kuwa mace ba ta yin sabon ƙwai. Da miliyan 1 zuwa 2 ake haihuwarta, kafin ta balaga ya dawo kusan 300,000, daga nan sai raguwa.

Ko kalma ɗaya ba a gaya mini ba a kan wannan. An yi mini bayanin allurar barci da zubar jini, na sa hannu a takarda. Likitan kuwa ya san haihuwa nake nema, ita ce ma ta kai ni wurinsa. Sai daga baya, da wata likitar haihuwa ta sa aka yi mini wannan gwajin jinin, wato AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage, sakamakon ya fito ƙasa da na sa'o'ina. Ta ce, "Kafin aikin nawa ne?" Na ce ba a auna ba. Shi wannan ƙarin da kansa yana rage ƙwai, tiyata ma tana ragewa, ga shi yanzu babu mai iya gaya mini nawa cutar ta ci, nawa wuƙa ta ɗauke.

Gaskiya da an yi mini bayani, mai yiwuwa da na yarda a yi aikin, don ƙarin ya girma kuma ciwon ba na wasa ba ne. Amma da zaɓina ne. Akwai masu daskarar da ƙwai kafin tiyata, akwai waɗanda ake yi wa IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, da ƙarin a jikinsu in bai yi girman da zai tare hanyar ɗebo ƙwan ba. Duk a bayan aiki na ji waɗannan.

Likitar ta kwantar mini da hankali da abu biyu: AMH yawa yake aunawa, ingancin ƙwai kuwa ya fi rataya ga shekaru, kuma ma'ajiya ɗaya ta isa a ɗauki ciki. Na ji daɗin wannan, amma haushin bai tafi ba.

'Yar'uwa, in an ce za a yi miki aiki, tambayi irin ƙarin, ki nemi a auna AMH tukuna, ki kuma faɗa da bakinki cewa kina son haihuwa, ko da kina ganin sun sani. Banda in ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefe guda tare da amai. Wannan yana iya zama ma'ajiyar ce ta murɗe, babu jiran wani gwaji, asibiti kawai.

Irin nawa yakan dawo, kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa da ke rage dawowarsa ba na mai neman ciki ba ne. Yanzu haka hoto ya nuna wani ƙarami a dama. Ana bibiyarsa, na kuma ce ba za a taɓa shi ba sai mun zauna da likitar haihuwa.