Alhamis, bayan na dawo daga Surulere

Ƙarfe uku na dare idona biyu. Wata huɗu ke nan haka nake tun rasuwar Baba. Bayan asuba na leƙa kasuwar Mile 12, na ga an sauke kwandunan tumatir, na bar wa ƙanena rumfa, na hau danfo zuwa Surulere. Wannan zuwana na uku wurin likitar da ke sauraren masu damuwa. Matata kaɗai ta sani, don a Legas da an ji ka taka irin wurin nan sai a ce saura a kai ka asibitin masu taɓin hankali na Yaba.

Bayarabiya ce, amma a Sabon Garin Zariya ta tashi, Hausa ta zauna a bakinta. Ina zama ta ce, “Malam, yau ta ina kake so mu fara?” Na ce, “Likita, ke ce mai ilimin, ki faɗa mini abin yi kawai.” Ta ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, nata ta riƙe mini fitila.

Ta tambaye ni abin da nake ci, na ce shayi da burodi, sai goro. Ta tambayi bashin dillalai, da wanda nake hira da shi bayan Isha, da yaushe rabon a auna mini hawan jini. Da na ce malaminmu na Agege yana yi mini addu'a, na zaci za ta yamutsa fuska. Cewa ta yi kada in daina, tunda ina samun natsuwa. Ta ba ni labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan masu taɓin hankali, wanda a 1954 ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe, ana yi musu magani ba tare da an raba su da jama'a ba. Wallahi na ji daɗin sanin ɗan ƙasar nan ne ya yi wannan tunani.

Daga nan ta yi shiru, ta bar ni. Cikin shirun nan maganar ta fito. Inna ta bugo mini waya ranar Litinin cewa jikin Baba ya yi tsanani. Na ce sai na sayar da kayan da ke ƙasa, kada su ruɓe. Laraba da dare na kama hanyar Funtuwa, ina Birnin Gwari aka kai shi makwancinsa. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa ni na jinkirta ba. Na yi kuka sosai. Ba ta katse ni da “yi haƙuri” ba, ba ta kuma wanke ni ba. Abin da ta ce kawai, “Kana ɗauke da wannan kai kaɗai tun lokacin.” Sai ta tambaya, “Wa kake so ya ji wannan bayan ni?”

Inna. Ni na faɗa da bakina.

Da magariba na ci tuwon shinkafa da miyar taushe, malmala biyu, matata na kallona. Bayan Isha na kira Funtuwa. Mun fi minti arba'in. Inna ta ce Baba da kansa ya hana a sake kirana, wai a bar yaro ya kwashe kayansa. Ta ce in zo ƙarshen wata mu je maƙabarta da Kawu.