Ƙarfen da Na Tara Bai Ci Mini Jarrabawa Ba

Ranar da na fito daga jarrabawar CCNA, wato jarrabawar kamfanin Cisco ta ƙwarewa a haɗa kwamfutoci su yi sadarwa, riƙe da takardar sakamako, faɗuwar ba ta ba ni mamaki kamar yadda wuraren da na faɗi suka ba ni ba. Takardar tana nuna kason da mutum ya samu a kowane sashe, kuma a ɓangaren haɗa rauta da rauta, wato na'urorin da ke tura bayanai daga wata hanyar sadarwa zuwa wata, inda na ƙarar da wata da watanni, na yi abin a-zo-a-gani. Amma a tsaro, da sashen da ya ƙunshi sadarwa marar waya, da sarrafa na'urori ta hanyar manhaja, sakamakona bai fi na wanda bai taɓa buɗe littafi ba. A nan na gane cewa ɗakin gwajin da na gina a gida, wanda nake nuna wa abokan aiki hotonsa da alfahari, an gina shi ne domin jarrabawar da ta riga ta shuɗe.

Shugaban sashenmu ne ya ba ni shawarar. Da na gaya masa niyyata, sai ya ce, "Kai dai ka rabu da wasan yara na kwaikwayo a kwamfuta. Wanda bai taɓa ƙarfe da hannunsa ba, ba injiniya ba ne." Na ce, "Yallaɓai, ai ƙarfen ne da tsada." Ya ce kada in damu, yana da wasu a ajiye da zai sayar mini da rangwame. Haka na kwaso rauta 1841 guda biyu, da 2811 guda ɗaya, da suwic 2950 guda biyu (na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya), da tarin kebul na siriyal, ina ta godiya kamar an yi mini kyauta. Abin da bai gaya mini ba, kuma har yau ban yarda cewa bai sani ba, shi ne tun ranar 24 ga Fabrairun 2020 Cisco ta haɗe tsoffin jarrabawoyinta na CCNA zuwa guda ɗaya mai lamba 200-301, kuma da yawa daga abin da waɗannan kaya suka fi dacewa da koyarwa an cire shi. Frame Relay, wani tsohon salon haɗa hanyoyin sadarwa masu nisa, wanda na sha wahalar haɗawa ta kebul na siriyal saboda yana cikin tsohon littafin da ya haɗa mini da kayan, ya fita daga jarrabawar tun kafin wannan sauyi ma.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Ɗaya daga cikin rautocin ta ci mini kusan mako uku. Duk dare sai in zauna in tsara ta, in saka adireshi a kowace ƙofa, in ɗora OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, in ajiye da umarnin copy running-config startup-config, ta amsa cewa ta ajiye, in kashe in kwanta. Washegari in na kunna, sai ta tarbe ni da tambayar farko ta sabuwar na'ura, kamar ba ta taɓa ganina ba. Na zargi ma'ajiyarta, na zargi hannuna, har na fara tunanin sayen wata. Daga baya, a layin ƙarshe na abin da umarnin show version ke fitarwa, idona ya faɗa kan 0x2142. Wannan lamba ita ake sakawa idan ana son tsallake kalmar sirrin da aka manta, domin tana sa rauta ta yi watsi da tsarin da aka ajiye yayin tashi, kuma wanda ya saka ta bai mayar da ita 0x2102 ba. Umarni guda ya gyara matsalar. Na koyi abu, ban musa ba, sai dai mako uku kuɗi ne mai yawa a kan layi ɗaya.

Sannan na zo koyon SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa a ɓoye, wanda yake cikin jarrabawar ƙarara, sai na tarar suwic ɗin sun ƙi karɓar umarnin, saboda IOS ɗin da ke kansu, wato manhajar Cisco da ke tafiyar da su, babu ɓangaren ɓoye bayanai a cikinsa. Maimakon in fahimci saƙon, sai na tsallake batun na koma kan abin da kayan suke iyawa. Nan ne ainihin kuskurena, kuma wannan ba zan ɗora wa kowa ba: na bar kayan aiki suka zaɓa mini abin da zan karanta, alhali jerin batutuwan jarrabawar yana nan kyauta a shafin Cisco, da kason kowane sashe a rubuce. Tsaro kashi 15 ne cikin ɗari, sarrafawa ta manhaja kashi 10, kuma ban taɓa zama na karanta JSON ko yadda REST ke aiki ba, wato hanyoyin da manhajoji ke musayar bayanai, domin babu fitila mai ƙyaftawa a cikinsu.

A karo na biyu na fara da buga jerin batutuwan a takarda, na riƙa tambayar kaina a kan kowane layi, da me zan gwada wannan. Amsar mafi yawansu Packet Tracer ce, manhajar kwaikwayon na'urorin sadarwa, wadda ake samu kyauta ta Cisco Networking Academy, har da kwaikwayon na'urar da ke kula da sadarwa marar waya. Ragowar na yi su a tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, wadda na ƙara wa RAM zuwa gigabait 16 na kuma saka mata SSD, na ɗora Proxmox da GNS3, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfutoci da na'urorin sadarwa. Kuɗin bai kai rabin abin da na ba shugaban nawa ba, kuma babu ƙarar fankar 2811 da ke hana mutanen gida barci.

Sauran darussan gajeru ne. A kashe kuɗi a kan RAM kafin firosesa, domin ita ce ke fara ƙarewa. A duba BIOS a kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba firosesa damar ɗaukar kwamfutocin kwaikwayo, kafin a zargi manhaja. A ɗauki hoton yanayin kwamfutar kwaikwayo kafin kowane gwaji, ta yadda ɓarna ba za ta wuce minti biyu ba. Kada a haɗa ɗakin gwaji da intanet ɗin gida ba tare da shinge ba, domin sabar DHCP ta gwaji, wadda ke raba adireshi kai tsaye, za ta iya raba wa wayoyin kowa adireshin da ba ya kai su ko'ina. Wanda kuma ya matsu ya taɓa ƙarfe, suwic 2960 guda ɗaya da kebul na kwansol sun ishe shi sanin yadda abin yake a hannu.

Na ci jarrabawar a zama na biyu. Da labarin ya kai ofis, shugaban nawa ya tsaya a gaban sababbin ma'aikata yana cewa kayansa ne suka yi aiki, ni kuwa na ce, "Haka ne, Yallaɓai." Bayan kwana biyu ɗaya daga cikinsu ya same ni yana tambaya ko zan sayar masa da rautocin. Na ce masa suna ƙarƙashin tebur, in yana so ya ɗauka kyauta, amma sai ya fara kawo mini jerin batutuwan jarrabawar a buge mun bi shi layi-layi.