Murya Ɗaya Ko Murya Takwas: Abin Da Nake Nema A Jikin Fiyanon Analog

Kusan duk shekarun da na yi ina kiɗa a wani ƙaramin situdiyo da ke kusa da Wunti, a nan cikin garin Bauchi, na yi su ne a kan fiyanon Yamaha irin na PSR, wanda shi ne gatan mafi yawan mawaƙanmu na biki da na fim, domin a cikinsa akwai ganga, akwai sarewa, akwai duk abin da mawaƙi zai nema kafin ya ɗora muryarsa. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Amma tun ranar da wani ɗan'uwana ya kawo mini wata 'yar sintisaiza ta analog, ta hannu, daga Legas, na gane bambancin da ke tsakanin na'urar da ke maimaita sautin da aka naɗa mata da wadda ke ƙera shi a gabanka daga wutar lantarki, kana murɗa maɓalli tana sauya hali.

A cikin irin wannan na'ura, akwai da'irar lantarki da ke haifar da sautin, sai wata da ke tace shi kamar rariya ta rage masa kaifi, sai wadda ke kula da yadda zai tashi da yadda zai mutu. Wannan jeri guda shi ake kira murya, kuma sauti ɗaya kawai yake iya fitarwa a lokaci guda. Wanda yake son sautuka biyar su tashi tare, dole a gina masa jerin har sau biyar, shi ya sa kuɗi da nauyi suke hawa tare da yawan muryoyi. Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970, murya ɗaya gare ta, kuma idan aka danna madannai biyu, na ƙasan kawai take ɗauka. Yamaha CS-80 ta 1977 tana da muryoyi takwas, nauyinta kuwa ya kai kusan kilo 100. A 1978 Dave Smith ya zo da Prophet-5 mai muryoyi biyar, wadda take iya ajiye saiti 40 a ƙwaƙwalwarta, abin da ya raba makaɗa da wahalar sake murɗa maɓallai tsakanin waƙa da waƙa. Juno-60 ta Roland, ta 1982, shida gare ta. Da DX7 ta Yamaha mai aiki da fasahar dijital ta fito a 1983 da muryoyi 16 a kan farashi mai sauƙi, mutane da yawa sun jingine analog, sai daga baya aka dawo ana nemanta ruwa a jallo.

Tawa muryoyi huɗu gare ta, kuma a kanta ne muka fi yin muhawara da wani abokina da ke kaɗa fiyano a wata majami'a a Yelwa. Ranar da ya fara gwada ta, bai yi minti biyu ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai tana cinye mini sauti." Gaskiyarsa ne. Waƙoƙin majami'a ana jera su ne a kan muryoyi huɗu na mawaƙa, hannunsa na hagu yana riƙe biyu, na dama biyu, kuma idan ya matsa zuwa haɗi na gaba kafin wutsiyar na farko ta gama mutuwa, na'urar ba ta da inda za ta samo murya ta biyar, sai ta ƙwace ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙara ta ba sabon sautin. Kunnen da ya saba yana jin wannan yankewa nan take. A wurinsa, duk abin da bai kai muryoyi takwas ba bai isa a hau mumbari da shi ba, kuma a irin aikinsa ban ga abin musu ba.

Sai dai aikina daban ne, kuma na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ƙarancin muryoyi bai taɓa damuna ba. Kiɗanmu na gado bai ginu a kan tara sautuka a wuri ɗaya ba. Mai algaita a ƙofar fada ranar hawan Sallah sauti ɗaya yake busawa, yana jan sa ba tare da ya yanke numfashi ba. Mai goge layi ɗaya yake bi, yana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan kamar mai magana. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya shafe rayuwarsa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa cewa kiɗansa ya gaza. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana hawa tana sauka, saboda haka abin kiɗan da zai raka mawaƙinmu dole ya iya lanƙwasa sauti ya bi bakin mai waƙa. Sintisaiza mai murya ɗaya, idan aka kunna mata santsin da ke sa sauti ya zame zuwa na gaba, aka kuma ɗora yatsa a kan 'yar tayar da ke gefen hagu mai ɗaga sauti da sauke shi, ta fi kusa da goge fiye da duk wani sautin goge da aka naɗa a cikin fiyanon dijital.

Wannan ne ya sa abin da na fi dubawa shi ne yadda madannai ke amsa hannu. Akwai waɗanda ba su san bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi ba, kamar na Minimoog da na Juno-60, akwai masu ji, akwai kuma waɗanda ke ci gaba da sauraron yatsa bayan an danna, ta yadda ƙara matsi zai buɗe sautin ko ya sa shi rawa. CS-80 tana yin haka ga kowane madanni shi kaɗai, abin da Vangelis, makaɗin nan ɗan ƙasar Girka, ya shahara da amfani da shi. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu yana matse igiyoyin gangarsa a hammata bayan ya buga, har ta faɗi sunan mutum, ya san abin da nake nufi. Girman madannai ma ba ƙaramin abu ba ne. Na tawa sirara ne, guda 37, kuma hannun da ya saba da manya yakan yi tuntuɓe a kansu idan kiɗa ya yi sauri.

Akwai kuma abin da masu tattauna wannan batu a Turai ba sa fama da shi kamar mu. Da'irar analog tana jin zafi da sanyi. A safiyar hunturu sai na kunna tawa na bar ta kamar minti 15 ta ɗumama kafin sautinta ya zauna daidai, a watan Afrilu kuwa, lokacin da ɗakin ke ɗaukar zafi da rana, nakan sake daidaita ta a tsakiyar aiki. Idan muryoyi takwas ne, takwas ɗin ne za su iya kaucewa, kowace ta nufi nata wajen. Irin su Juno sun rage wannan matsala domin agogon dijital ne ke riƙe musu sauti. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙaraurau, saboda haka ba na barin ta babu mayafi, ba na kuma haɗa ta da janareto sai ta bayan na'urar daidaita wuta. Wanda zai sayo daga Amurka ya duba ko ta wuta 120 ce, domin tamu 230 ce, kuma mai gyaran irin waɗannan na'urori ba a kowace unguwa ake samun sa ba.

Yanzu ina tara kuɗi ne domin wadda take da manyan madannai masu jin matsin yatsa, ko da murya ɗaya ce. Abokina na Yelwa ya ce idan ta iso zai zo da nasa fiyanon ya riƙe mini haɗin sautuka a ƙasa, ni kuma in bi mawaƙi da layin sama, kuma mun riga mun zaɓi waƙar bikin da za mu fara gwadawa da ita.