Tarihin Rayuwata, Kashi Na 6: Daren da na kasa ba 'yata maganin shagona

Assalamu alaikum. Wancan satin na tsaya a inda na buɗe kemis ɗina nan unguwarmu a Kano bayan shekara biyar ina yaron shago. To kasuwa kam ta karɓe ni, sai dai bari in faɗi gaskiyar yadda nake sana'ar. Mace za ta zo da ɗari uku tace a haɗa mata na zazzaɓi, sai in ɓalle mata ƙwaya huɗu daga katin da ake so babba ya shanye guda 24 cikin kwana uku, in ƙara farasitamol da ɗan jan nan na ƙarin jini in ƙulle a leda, ba gwaji ba komai. Allura kuma a bayan labule nake yi, alhali na sani sarai lasisin da PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ke ba irinmu bai ba mu wannan damar ba. Ko a 2018 da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, tsorona na sati biyu ne, abinda na koya kawai shine inda zan ɓoye kaya.

Wani dare cikin damina jikin 'yata Ummi ya yi zafi rau, lokacin shekararta huɗu, wajen sha ɗayan dare. Makullin shago na aljihuna, shagon kuma ko minti uku ba a yi daga gida, amma wallahi ban san sanda na tada mashin na nufi wani babban famasi a titin Zoo Road ba, cikin yayyafi. Da na dawo maman yara ta karɓi ledar ta juya ta, ta ga ba irin tamu bace, sai tace "Abban Ummi, naka ya ƙare ne?" Nace eh. Ta dube ni tace "Jiya fa na ga kwali biyu." Bata ƙara ko kalma ba, ta je ta ba yarinya magani.

Ni kuwa barci ya ƙaurace min, saboda na san amsar. Kwalin nan a araha na saro shi, arahar da kai kanka ka san da walakin, kuma lambar nan da ake kankarewa a tura saƙo a tabbatar ban taɓa kankare ko ɗaya ba don bana son jin abinda za a ce. Ga shi a jikin kwalin an rubuta kar zafi ya wuce digiri 30, ni kuma rufin kwano ne ba silin, a watan Afrilu ciki kamar gidan burodi. 'Ya'yan maƙwabta da ke ce min Baba shi nake ɗura musu.

Ana sallar asuba na buɗe shago na sauke komai ƙasa, wanda ya lalace da wanda ban yarda da shi ba sai da suka cika buhu biyu, kusan rabin jarina. Na yaye labulen allura na naɗe. Da rana na sayo kwalin abin gwajin maleriya, kuma mutum na farko da nace sai na gwada shi tsaki ya ja ya tsallaka kemis ɗin gaba.

Labari ya kai kunnen tsohon maigidana kafin la'asar, ya aiko yaro wai in zo yanzun nan. Abinda ya faɗa min sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.